Yadda muka shigar da tsohon gidanmu na jan bulo a rajistar tarihi ta Amurka

Tun ranar da 'yan'uwa suka zo mana yawon Sallah daga Kolumbas, babban birnin jihar Ohayo, suka ga ɗan allon tagullar da muka kafa a gefen ƙofa mai nuna gidan ya shiga rajistar tarihi, ake ta kirana ana tambaya. Wani ya ce ko gwamnati ce ta karɓe gidan, wani ya ce nawa take ba mu a wata, wata 'yar'uwa kuma ta ce ta ji yanzu ko fenti ba mu da ikon shafawa sai da izini. Babu ko ɗaya daga ciki. Ni ma da waɗannan tambayoyin na fara, kuma sai da na kusa cin shekara biyu ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi da laburare kafin na gane bakin zaren. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da ya faru daki-daki, musamman yanzu da mutanenmu da dama ke barin tsadar haya a cikin gari suna sayen tsofaffin gidajen gona a ƙauyukan jihar Ohayo.

Gidan yana yamma da Kolumbas, tafiyar minti arba'in a mota, a tsakiyar gonakin masara da waken suya. Bene ne na jan bulo, mai faɗin fuska amma siriri, domin kaurinsa ɗaki ɗaya ne kawai: ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, matakala a tsakiya, bututun hayaƙi a kowane gefe, sai wani reshe da aka jona ta baya inda kicin yake. Tagogi biyar ne a jere a sama, huɗu a ƙasa da ƙofa a tsakiyarsu. Abin da ya ja mu shi ne arha da fili, ga yara sun yi yawa, uwargida kuma ta daɗe tana son inda za ta shuka yakuwa da kuɓewa. A takardar dillali an rubuta cewa an gina shi a 1900, haka ma a shafin ofishin harajin gunduma. Na yarda da hakan tsawon shekara guda. Daga baya na gane cewa a wurare da yawa 1900 ita ce shekarar da ake liƙa wa duk tsohon gidan da ba a san ainihin shekarunsa ba. Mai duba gida da muka biya 'yan ɗaruruwan daloli kafin ciniki ya yi mana bayanin wayoyin lantarki da rufi da haɗarin tsohon fenti mai dalma, wanda doka ta wajabta a sanar da mai saye a duk gidan da aka gina kafin 1978. A kan bango kuwa abin da ya rubuta layi ɗaya ne: kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zaizaye a bangon yamma, a gyara.

Kuskurena na farko daga wannan layin ya fito. Na samo wani birkila, mutumin kirki mai saurin aiki, ya zo da injin yanka ya ƙwaƙule tsohon kwaɓin, ya cike da siminti, bango ya yi fes. Hunturu ya zo ya wuce. Da dusar ƙanƙara ta narke sai na ga jajayen ɓarɓashi zube a gindin bangon, fuskar bulo da yawa ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa, simintin kuwa yana nan daram ya yi tsini a tsakaninsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin da na kashe ba kaɗan ba ne. A daren na kira kawuna a Zariya, wanda ya tsufa a sana'ar gini, na nuna masa ta bidiyo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, me ka sa a tsakani?" Na ce, "Siminti ne, Kawu." Ya ce, "To ai gyaran gangar Abzinawa aka yi maka. Ka manta soron gidan kakanka da aka yaɓe da siminti? Damina uku ya yi, yaɓen ya zube ya tafi da rabin bango. Abu mai taushi ba a ɗaure shi da abin da ya fi shi ƙarfi. Ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita." Na ce ai wannan ƙonannen bulo ne, ba tubali ba. Ya ce, "Ka kankare shi da makulli ka gani." Na kankara, sai ga jan gari a hannuna. Ya ce, "Wannan bulon ya girmi abin da aka gaya maka. Je ka tambaya."

Washegarin Asabar na tafi laburaren hedkwatar gunduma, inda ƙungiyar masu sha'awar tarihin yankin ke da ɗan ɗaki. Wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta kalli hotunan ta tambaye ni yadda aka jera bulon. Ban taɓa lura ba. Ta nuna mini cewa a fuskar gidan, cikin kowane sahu, an sa bulo ɗaya a kwance ta tsawonsa, na kusa da shi kuma an juya kansa waje, haka har ƙarshe. Wannan jeri ne mai cin lokaci da kuɗi, na ado, shi ya sa aka yi shi a inda baƙo zai gani. A gefe da baya kuwa sahu biyar ne a kwance, na shida duk kawuna, domin su ɗaure bangon waje da na ciki. Ta ce irin wannan gida ana kiransa gidan I, sunan da wani masanin labarin ƙasa, Fred Kniffen, ya raɗa masa a shekarun 1930 saboda yawansa a jihohin Indiyana da Ilinoi da Ayowa, waɗanda sunayensu a Turance duk da wannan harafin suka fara. Ita ce ta fara ambata mini Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar kare kayan tarihi ta 1966 ta kafa. Hukumar tarayya mai kula da gandun daji da wuraren tarihi ce ke riƙe da ita, amma ba a zuwa Washinton kai tsaye. Kowace jiha tana da ofishinta na kare gine-ginen tarihi, na Ohayo yana ƙarƙashin Ohio History Connection a Kolumbas, kuma daga nan ake farawa.

Matakin farko fom ne na share fage, wanda ake cikewa domin ma'aikatan ofishin su duba ko gidan ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Ba a biyan ko sisi. Ana son hotunan kowane gefe na waje, da manyan ɗakuna, da sauran gine-ginen da ke filin, da ɗan abin da ka sani na tarihi. Na aika, na jira 'yan makonni ina duba imel safe da yamma. Amsar da ta zo ta koya mini abu biyu da ban sani ba. Na farko, tsufa kaɗai ba ya shigar da gida. Shekara hamsin ita ce ƙa'idar da aka saba bi, amma sai an nuna muhimmanci ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu: ko wani lamari na tarihi ya shafe shi, ko wani fitaccen mutum, ko tsarin gininsa, ko kuma abin da masu tonon ƙasa za su iya ganowa a wurin. Namu ta hanya ta uku kawai zai iya shiga, wato a matsayin misali mai kyau na irin ginin manoman yankin a tsakiyar ƙarni na 19. Na biyu, dole gidan ya kasance bai canza kama ba. Suna auna wannan da abubuwa bakwai: wurinsa, fasalinsa, abin da ke kewaye da shi, kayan da aka yi shi da su, aikin hannun magina, yanayin da yake sa mutum ya ji, da alaƙarsa da tarihinsa. Sun nuna damuwa a kan bangon da na lalata, da barandar da aka ƙara daga baya, da tagogin roba uku da wani mai gida ya sa a baya. Amma suka ce a ci gaba. Sun kuma aiko da jerin ƙwararrun da ke rubuta irin wannan takarda. Na tuntuɓi biyu, kowanne ya yanka mini dubban daloli. Na zauna da uwargida, ta ce, "Malam, kuɗin nan bango ne ke buƙatarsu. Ka rubuta da kanka, ko da zai ɗauki lokaci." Haka aka yi, kuma doka ba ta hana ba.

Ofishin ajiye takardun filaye na gunduma shi ne inda na fi daɗewa. Yana cikin ginin kotu, ana buɗewa ne a ranakun aiki kawai, don haka sai da na riƙa musayar ranar hutu da abokan aiki. Hanyar ita ce ka fara da takardar mallakarka, ka ga sunan wanda ya sayar maka, ka nemo shi a kundin masu saye, ka ga daga wa ya saya, ka yi ta komawa baya. Na 'yan shekarun nan suna kwamfuta. Na da kuwa manyan littattafai ne masu nauyin buhun shinkafa ƙarami, rubutun hannu mai lanƙwasa wanda sai da na yi zuwa uku kafin idona ya saba da shi. Kwafi dala biyu ne kowane shafi, amma an bar ni na ɗauki hoto da waya, sai dai ka tambaya tukuna. A nan na ci karo da abin da ya rikita ni sosai. Yawancin Ohayo an auna ta ne murabba'i-murabba'i bisa dokar filaye ta 1785, amma yankinmu, tsakanin kogin Sayoto da ƙaramin kogin Mayami, jihar Bajiniya ta keɓe shi domin raba wa sojojinta na yaƙin neman 'yancin Amurka a matsayin ladansu. Su kuma da tsohuwar hanya suka auna: daga gindin itace kaza, a nufi arewa maso gabas sanda kaza, zuwa dutse a bakin rafi. Sanda ɗaya ƙafa 16 da rabi ce. Itatuwan nan sun mutu tun tuni. Sai da na samo lambar awon asali, wadda har yanzu ake maimaitawa a kowace takarda, sannan na tabbata cewa fili ɗaya nake bi, ba na maƙwabci ba. Na tuna yadda a gida ake cewa iyakar gona daga tsamiya zuwa suri, na ga ashe rigimar iri ɗaya ce.

Zaren ya tsinke mini sau biyu. A duk lokacin dalili ɗaya ne: mai gida ya rasu, fili ya koma hannun magada ba tare da ciniki ba, don haka babu shi a kundin saye da sayarwa. Wata ma'aikaciya ce ta tura ni hawa na sama, kotun rabon gado. Nan na samu wasiyya da lissafin kayan mamaci, kuma lissafin ya fi wasiyyar amfani, domin masu ƙiyasi sun bi ɗaki-ɗaki suna rubuta gado, agogo, injin saƙa, tukwanen tagulla. Daga shi na san yadda ake amfani da kowane ɗaki, na kuma san cewa reshen kicin yana nan tun kafin rasuwar wanda ya gina gidan. Amma akwai abin da ya kamata kowa ya sani tun da wuri: takardar mallaka ta fili take magana, ba kasafai take ambaton gini ba. Na kai har shekarun 1830, lokacin da manomin da ya gina gidan ya sayi wurin, ban ga ranar gini ko sau ɗaya ba. Wannan sai a littattafan haraji, inda na bi darajar filin shekara-shekara har na ga ta yi tsalle a farkon shekarun 1850 ba tare da an ƙara ko eka ɗaya ba.

Ƙidayar jama'a ta ƙarfafa wannan. Ta 1850 ita ce ta farko da aka rubuta sunan kowane mai 'yanci da ke cikin gida, da shekarunsa da sana'arsa da jihar da aka haife shi, har da darajar filin da ya mallaka. Na ga manomin da matarsa da 'ya'yansu, na ga darajar dukiyarsa ta haura sosai a ƙidayar 1860. Akwai kuma wani sashe na daban na noma, wanda aka riƙa yi daga 1850 zuwa 1880, mai lissafin eka nawa aka share, dawaki da shanu da tumaki nawa, alkama da masara da ulu da man shanu nawa aka samu. Shi ya nuna mini daga inda kuɗin bulo suka fito. Babbar hanyar tarayya ta iso Kolumbas a 1833 ta wuce yamma, daga baya jirgin ƙasa ya biyo, manomi ya samu kasuwa, sai ya bar bukkar gungumen da ya fara zama a ciki ya gina abin da zai nuna ya kafu. Kada kowa ya wahalar da kansa neman ƙidayar 1890, gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Taswirar gunduma ta shekarun 1870 ta nuna ɗan baƙin ɗigo daidai inda gidan yake, da lambun itatuwa a gefensa. Littattafan tarihin gunduma na shekarun 1880 kuwa sai a yi hattara da su, domin galibi mutane biya suke yi a rubuta labarinsu, kowa ya fito gwarzo.

Bayan takardu sai na koma ga gidan kansa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shiga raina. Na hau saman silin da tocila. Ƙusoshin duk masu kusurwa huɗu ne, irin waɗanda inji ke yankowa daga farantin ƙarfe, ba zagayayyun da suka mamaye kasuwa wajen 1890 ba. A jikin katakan akwai sawun zarto a miƙe, layi-layi, alamar injin da ruwa ke juyawa yana hawa yana sauka, ba sawun baka-baka na zarto mai kewayawa da ya yaɗu daga baya ba. A ɗakin ƙasa manyan ginshiƙan da ke ɗauke da daɓen da gatari aka sassaƙe su, harsashin kuma dutse ne. Bangon ƙasa kaurin bulo uku ne. Bulon ba a masana'anta aka yi shi ba. A wancan zamani, jigilar kaya mai nauyi a kan hanyar taɓo ta fi kayan tsada, don haka a gonar ake haƙa yumɓu, a cuɗa, a zuba a ma'auni na katako, a shanya, sannan a tara shi tsibi a bar ramukan wuta a ƙasa, a yi kwanaki ana ƙonawa. Wanda ke kusa da wuta ya fi ƙwari da duhu, shi ake sawa a waje. Wanda ke nesa ya fito fari-fari da taushi, a sa shi ciki. Akwai wani kwari a bayan rumbu inda ruwa ke taruwa, na tona gefensa na samu fasassun bulo da ƙonanniyar ƙasa. A jikin wani bulo na bangon kicin akwai sawun yatsu uku na wanda ya ɗauke shi tun yana ɗanye. Na tsaya a gabansa na daɗe. A daidai zamanin da manomin nan ke share dajinsa, a garinmu Babban Gwani yana ɗaga bakunan masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara, a mulkin Sarki Abdulkarimu. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa kowannensu ya ɗiba ya yi gini.

Babban fom ɗin lambarsa 10-900. Sashe na 7 da na 8 su ne aikin. A na 7 za ka siffanta gidan kamar kana yi wa makaho bayani: daga waje zuwa ciki, daga ƙasa zuwa sama, kowace taga da dutsen da ke kanta, ƙofar da siraran gilasai a gefenta da samanta irin na salon Girka da ake yayi a lokacin, da duk abin da aka canza da lokacin da aka canza shi. Har ɗakin ƙyafe nama na bulo da ke tsakar gida sai da na lissafa a cikin abubuwan da ke ƙara wa wurin daraja, garejin zamani kuma a cikin waɗanda ba sa ƙarawa. A na 8 za ka kafa hujja. Rubutuna na farko shafi goma ne na labarin iyalin manomin, ina alfahari da shi. Ya dawo da gyare-gyare masu yawa, kuma da gaskiyarsu. Ma'aikaciyar da ke duba mini ta ce tunda ta hanyar tsarin gini muke nema, tambayar ita ce gidaje nawa irinsa suka rage a yankin, kuma me ya sa wannan ya fi su ko ya kai su. Sai da na yi Asabar huɗu ina zagaya hanyoyin ƙauye da yara a mota muna ɗaukar hoton gidaje daga bakin titi. Wasu an lulluɓe su da roba, wasu an yi musu fenti, wasu rufinsu ya rufta. Ma'aikaciyar ta kuma ce in fara labarin ƙasar daga mutanen da aka tarar, 'yan ƙabilar Shoni da maƙwabtansu, waɗanda yarjejeniyar Girinbil ta 1795 ta raba da mafi yawan kudanci da tsakiyar Ohayo. Na ji nauyin wannan, domin na rubuta tarihin fili shafi-shafi kamar babu kowa a kansa kafin mai awo ya zo. Sau uku takardar ta je ta dawo, tsakanin kowanne akwai jiran makonni. Hotuna ma suna da ƙa'idarsu: kowanne da lamba, da bayanin inda aka tsaya da inda aka fuskanta, da zanen gida mai kibiyoyi.

Ana cikin wannan na gyara ɓarnata. Hukumar tarayyar tana da jerin ƙasidu na kyauta a intanet kan kula da tsofaffin gine-gine, ta biyu a jerin a kan kwaɓin tsakanin bulo take, kuma abin da ke ciki shi ne abin da Kawu ya faɗa a jimla uku. Tsohon kwaɓi na farar ƙasar da ake samu daga ƙona dutse ne da yashi. Ya fi bulon taushi, yana barin danshi ya fita ta jikinsa, shi ne ke zaizayewa a maimakon bulo, kuma haka aka so. Siminti irin na yanzu an yi masa rajista a Ingila a 1824, amma bai zama ruwan dare a ƙauyukan Amurka ba sai farkon ƙarni na 20. Idan aka sa shi, ruwa ya maƙale cikin bulo, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, fuskar ta ɓare. Na aika ɗan gutsuren tsohon kwaɓi daga bangon da ba a taɓa ba aka tantance yashinsa da launinsa. Birkilan da ya iya wannan aiki sai da na jira shi wata biyar, kuma kuɗinsa ya ninka na farko fiye da sau biyu, domin cire siminti ba tare da fasa bakin bulo ba aikin haƙuri ne. Wasu bulon ya zare ya juya bayansu waje, wasu ya maye su da waɗanda muka tsinto daga rusasshen gini a filin. Ba a yin aikin idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, kuma bayan an gama sai an rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki domin kada ya bushe da gaggawa. Duk wannan na rubuta shi a sashe na 7, ban ɓoye komai ba.

Da ofishin jiha ya gamsu, aka sa mu a jerin zaman kwamitin ƙwararru na jiha, wanda ke zama 'yan lokuta kaɗan a shekara. Wanda ya kuskure wa'adin zama ɗaya zai jira watanni, mu ma haka ta same mu saboda gyaran hotuna. Doka ta ce a aika wa mai gida da hukumomin yankin wasiƙa tsakanin kwana 30 zuwa 75 kafin zaman, kuma mai gida yana da ikon ƙin yarda. Ranar na tafi da babban ɗana. Zama ne a buɗe, akwai masana tarihi da masu zanen gini da masu tonon kayan tarihi. Ma'aikaciyar ce ta gabatar, ana haska hotunan a allo. Gabana ya faɗi da hoton bangon yamma ya fito. Wani daga cikinsu ya tambayi irin kwaɓin da aka mayar, aka ba ni dama na amsa, ya gyaɗa kai. Wata ta tambayi shekarun barandar. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa. Daga nan takarda ta tafi Washinton, inda mai riƙe da rajistar ke da kwana 45 ya yanke hukunci bayan ta isa hannunsa. Ana fitar da jerin waɗanda suka shiga mako-mako a intanet. A nan na fara ganin namu, kafin wasiƙa ta iso. Ba sunana ne a kai ba, sunan manomin ne, domin da sunan tarihi ake rajistar gida.

Ga abin da shiga rajistar ke nufi a aikace. Gidan namu ne, muna iya sayarwa, ko canzawa, har ma rushewa da kuɗinmu, dokar tarayya ba ta hana ba. Masu hanawa dokokin ƙananan hukumomi ne a wasu unguwannin cikin gari, su kuma daban suke. Ba a ba mu kuɗi ba, allon tagullar ma mu muka saya. Rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin ɗari na gyara, na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne kamar haya ko kasuwanci, ba na gidan da mutum ke zaune a ciki ba. Kariyar da ake samu ita ce, idan wani aiki da kuɗin tarayya ko izininta, kamar faɗaɗa hanya, zai shafi wurin, dole a yi la'akari da shi tukuna. Sannan takardar da hotunan, har na cikin ɗakuna, suna zama abin da kowa zai iya gani. Mu sai da muka kwashe kayanmu na sirri kafin ɗaukar hoto, kuma ina ba duk mai iyali shawarar ya tattauna wannan da matarsa tun farko.

Da zan sake, ba zan bar kowa ya taɓa bango ko taga ba sai na ɗauki hoton komai na kuma aika fom ɗin share fage. Zan fara da littattafan haraji da na gado kafin in nutse cikin takardun mallaka. Zan tambayi ranakun zaman kwamiti tun ranar farko in lissafo baya. Zan tambayi duk birkila ko ya taɓa aiki da farar ƙasa, in ce ya kai ni in ga bangon da ya yi wanda ya ci hunturu biyar. Kuma ba zan yarda a wanke bulo da injin fesa yashi ba ko an ce kyauta ne, domin ɓawon da wuta ta gasa shi ne garkuwarsa. Abin da na kashe a kan takardu, wato kwafi da mai da gwajin kwaɓi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da bango ɗaya ya ci ba.

Tagogin robar nan uku suna nan har yanzu. Na samu tsofaffin firam biyu masu gilashi shida sama shida ƙasa a saman rumbu, wani kafinta yana gyara su, na ukun za a sassaƙa sabo a kan ma'auninsu. Bangon arewa ma yana jiran bazara. Kawu ya ce kafin a fara in duba indararo, domin a hoton da na aika masa ya ga inda ruwan rufi ke zuba a gindin ginin.